An Cire Min Maƙoƙo, Yanzu Yatsuna Suna Ƙagewa

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, shekarata 43, 'ya'yana shida. Na yi shekaru ina fama da maƙoƙo, irin mai sa faɗuwar gaba da zufa da rama, har wata huɗu da suka wuce aka yi min aiki aka cire shi gaba ɗaya. Da za a sallame ni an ba ni magani iri uku: wata 'yar ƙwaya ta safe, da manyan ƙwayoyin kalsiyam, da wani ɗan kafso mai tsada. Da na ji sauƙi, kuɗi kuma suka yi wuya, sai na bar kafson. Kalsiyam ɗin ma sai na tuna nake sha, in haɗa shi da ta safen in kora da shayi. Yanzu leɓɓana da yatsuna suna yi min kamar tafiyar kiyashi, kuma hannuna yakan ƙage in kasa buɗe shi, ran nan ina tuƙa tuwo sai da muciya ta faɗi. Surukata ta ce iska ce ta shige ni a asibiti, ta kawo rubutu da hayaƙi. Maigidana ya ce likitoci ne suka ɓata aiki, ba zai sake kai musu ko kwabo ba, ya sayo min maganin ƙashi a kemis. Ga ciwon baya, ga al'adata ta rikice. Bara mahaifiyata ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, har yau ba ta miƙe ba, ina tsoron nima haka zan ƙare. Yaya zan yi ba tare da na saɓa wa mijina da mahaifiyarsa ba?

Daga wata baiwar Allah.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya kuma tashi kafaɗun Mama.

Zan fara da abin da ba zai jira ba. Alamomin da kika lissafa, tafiyar kiyashi a leɓe da yatsu da kuma ƙagewar hannu, ga wadda aka cire wa maƙoƙo gaba ɗaya kuma ta bar magani, kusan kullum ma'anarsu ɗaya ce: kalsiyam ya yi ƙasa a jininki. Kina buƙatar gwajin jini yau ko gobe, kada ya kai mako mai zuwa. Idan kuwa kika ji maƙogwaronki yana shaƙewa, ko numfashi yana fita da ƙara, ko hannu ya ƙage ya ƙi saki, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, ko kika yi jijjiga irin ta farfaɗiya, to sashen gaggawa za a nufa a wannan lokacin ko da tsakar dare ne. A can ana sa kalsiyam ta jijiya a hankali, cikin mintuna mutum ya ji ya saki. Ki faɗa wa babban ɗanki ko 'yarki wannan magana tun yau, don wadda abin ya kama ba ta iya yi wa kowa bayani. Kafin ki isa asibiti, in da sauran magungunan da aka sallame ki da su kuma wa'adinsu bai ƙare ba, ki koma shan su daidai yadda aka rubuta miki, ki kuma gaya wa likita gaskiyar ranar da kika bari da ranar da kika koma. Ba don a yi miki faɗa ba ne, da wannan bayanin ake fassara sakamakon gwaji.

Ga abin da ya faru a wuyanki. Abin da ya kumbura ya zama maƙoƙo shi ne tayirod, halittar da ke gaban wuya, wadda ruwanta ke daidaita saurin aikin jiki. A bayanta akwai wasu 'yan ƙullutai, yawanci huɗu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, ana kiran su faratayirod. Maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su, aikinsu daban. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikinki yana ajiye a ƙashi da haƙora, ɗan ragowar da ke yawo a jini shi ne jijiyoyi da tsoka da zuciya ke aiki da shi. Ki ɗauki ƙashi a matsayin rumbu, waɗannan 'yan ƙullutai su ke riƙe da mabuɗinsa. Da zarar kalsiyam ya ragu a jini sai su saki wani sinadari da za ki ga an rubuta PTH a takardar gwaji. Shi ne zai ɗebo kaɗan daga ƙashi, ya hana ƙoda zubar da shi a fitsari, ya kuma sa ƙodar ta mayar da bitamin D ya zama mai aiki domin hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Wajen cire babban maƙoƙo, ko likita ya kai iya gwaninta, 'yan siraran hanyoyin jinin da ke ciyar da su sukan taɓu, sai su yi sanyi su daina aiki na wani lokaci. Wajen mutum biyu ko uku cikin goma da aka cire wa tayirod gaba ɗaya sukan sami wannan na ɗan lokaci. Yawancinsu sukan warware cikin makonni ko watanni, 'yan kaɗan ne cikin ɗari abin ke zame musu na dindindin. Ke kuma da kika daɗe da maƙoƙo mai zafi, wato irin wanda tayirod ke aiki fiye da kima, akwai ƙari: ƙashin da ya yi shekaru yana zubar da kalsiyam, da an cire maƙoƙon sai ya shiga zuƙe shi daga jini da ƙarfi don ya mayar da abin da ya rasa.

Yanzu kin ga dalilin da ya sa ɗan kafson nan mai tsada shi ne bai kamata a fara yankewa ba. Ki duba kwalinsa, ina kyautata zaton za ki ga Calcitriol ko Alfacalcidol. Bitamin D ne da aka riga aka yi masa aikin da ƙodarki ba ta iya yi sosai yanzu. Idan babu shi, ko kin haɗiye manyan ƙwayoyin kalsiyam nawa, kaɗan ne zai ratsa hanji ya shiga jini. Kuma ba ya daɗewa a jiki, kwana biyu zuwa uku da barinsa ƙarfinsa ya fara gushewa. Bitamin D na gama-gari da ake sayarwa a kemis, da wanda fata ke samu daga rana, suna da amfaninsu amma ba sa maye gurbinsa, domin su ma sai sun bi ta wannan ƙofa da ta rufe. Idan wani mai kemis ya ce miki duk ɗaya ne, ki yi masa godiya ki wuce.

Sai maganar shayi, wadda a ganina ita ce kuskuren da ya fi yawa kuma ya fi sauƙin gyarawa. 'Yar ƙwayar safen, Levothyroxine, ita ce ke madadin tayirod ɗin da aka cire, kuma za ki sha ta har tsawon rayuwa. Kalsiyam yana maƙale mata a hanji ya hana ta shiga jini. Haka maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da farin ruwan maganin olsa, da madara, da waken suya da awara. Don haka ki sha ta da kin tashi sallar asuba, da ruwa zalla, cikinki babu komai. Ki bar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ki karya. Tsakaninta da kalsiyam kuwa a sami awa huɗu cur. Idan kin sha ta ƙarfe 5:30, kalsiyam na farko ba zai zo ba sai bayan 9:30, mafi sauƙi ma ki haɗa shi da abincin rana, na biyu da tuwon dare. In sau uku aka rubuta miki, ki sa ɗaya da hantsi tare da ɗan abin taɓawa. Raba shi yana da dalili: hanji ba ya iya ɗaukar fiye da kimanin miligiram 500 na kalsiyam da kyau a zama ɗaya. Ki kuma lura da rubutun kwali. Ƙwayar da aka rubuta Calcium carbonate 1250 mg, ainihin kalsiyam ɗin cikinta miligiram 500 ne, kuma irin wannan sai da abinci yake narkewa sosai saboda yana buƙatar tsamin ciki. Idan kina shan Omeprazole don olsa ki sanar da likita, yana rage tsamin nan, yana kuma iya rage magniziyam, wanda in ya yi ƙasa kalsiyam ba ya gyaruwa ko an ninka magani. Akwai nau'in Calcium citrate da ya fi dacewa da masu irin wannan.

A asibiti ki nemi a auna kalsiyam tare da albumin (wani furotin na jini), da sinadaran fosfet da magniziyam, da aikin ƙoda, da TSH, wato gwajin da ke nuna ko Levothyroxine ta isa ko ta yi yawa. In da hali a ƙara PTH da bitamin D, su ne suka fi tsada kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin su ba. Idan kuɗin ba zai kai duka ba, kalsiyam da albumin da aikin ƙoda su ne na yau, sauran su biyo baya. Kalsiyam na mai lafiya yana tsakanin kimanin 2.2 zuwa 2.6 mmol/L. Amma kada ki yi mamaki idan likita ya bar naki a wajen 2.1 ko 2.2 ya ce ya isa. Da gangan ne. Tunda babu isasshen PTH da zai hana ƙoda zubarwa, in aka cika jini da kalsiyam sai ya kwarara cikin fitsari, ya zama tsakuwar ƙoda, a kwana a tashi ƙodar ta lalace. Abin da ake nema shi ne alamomi su tafi, ba a kai lamba sama ba. Saboda haka kada tsoro ya sa ki ƙara wa kanki magani. Alamun ya yi yawa su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, bushewar bayan gida, tashin zuciya da kasala. In kin ga haka, gwaji za a sake.

Tsoron da kike ji game da ƙashinki ba shirme ba ne, amma barazanar ba daga inda kike zato take ba. Ƙarancin PTH shi kansa ba ya cinye ƙashi, masu shi ma sau da yawa ƙashinsu yakan fi kauri a awo. Abin da ya taɓa ƙashinki shi ne shekarun da tayirod ɗinki ta yi tana aiki fiye da kima. Ƙashi kullum cikin rushewa da ginuwa yake, ruwan tayirod in ya yi yawa sai ya hanzarta rushewar har ginin ya kasa kamo ta. Abin daɗin shi ne wani ɓangare na abin da aka rasa yakan dawo cikin shekara ɗaya zuwa biyu bayan an magance cutar. Amma akwai tarko: Levothyroxine in ta yi yawa, daidai take da maƙoƙon da aka cire, za ta ci gaba da sirantar da ƙashi a ɓoye, ta kuma rikita bugun zuciya, musamman ga macen da al'adarta ke shirin ɗaukewa. Kuma ga yadda hakan ke faruwa ga masu irin halinki: mace tana haɗa ta da kalsiyam da shayin madara, gwaji ya nuna ba ta isa ba, likita ya ƙara mata, daga baya ta raba su, sai ƙarin ya zama ya yi yawa. Don haka ki gaya wa likita kin canja tsarin sha, a sake auna TSH bayan mako 6 zuwa 8. Ga yawancin mutane ana son ya zauna tsakanin kimanin 0.4 da 4. Ki kuma tambayi sakamakon naman da aka cire aka kai ɗakin bincike. Da yawa ba sa komawa karɓarsa, alhali shi ne ke nuna ko maƙoƙo ne kawai ko akwai wani abu da zai sa likita ya riƙe TSH a ƙasa da gangan.

Maganin ƙashin da maigida ya sayo, ki ajiye shi tukuna ki tafi da kwalinsa asibiti. Idan irin su Alendronate ne, aikinsu hana ƙashi sakin kalsiyam, kin ga ke nan za su ƙara jefa ki cikin ramin da kike ciki. Idan kuma haɗe-haɗen nan ne da ake ƙullawa a leda, sau da yawa akwai Prednisolone ko Dexamethasone a ciki, irin waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba. Suna kwantar da ciwon baya na 'yan kwanaki, amma suna cikin manyan abubuwan da ke cinye ƙashi. Diclofenac da danginsa kuma in aka daɗe ana sha suna wahalar da ƙoda, ke kuwa ƙodarki abar lallaɓawa ce yanzu. Idan ciwon bayan ya zo farat ɗaya da tsanani a waje guda, ko kika ga kin rage tsawo, ko bayanki ya fara ranƙwafawa, a yi hoto. Akwai awon ƙarfin ƙashi da ake kira DEXA a wasu manyan asibitoci, kuma da tarihin maƙoƙo mai zafi da karayar ƙugun mahaifiya, kina cikin waɗanda ya dace a yi musu in hali ya samu.

A ɓangaren abinci ba sai kin sayi abin gwangwani ba. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana da kimanin miligiram 300, babban mutum kuwa yana buƙatar wajen 1000 a rana. Zogale, miyar kuka, riɗi, tamba, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna da shi. Sai dai nono yana da fosfet, wanda yakan hau a jinin mai ƙarancin PTH, don haka in gwaji ya nuna naki ya hau, a rage nono a ƙara ganye. Baƙin lemon kwalba ki bar shi. Ki rage gishiri da dunƙulen miya, domin gishiri yana jan kalsiyam zuwa fitsari. Ki sha ruwa sosai, ki riƙa tafiyar ƙafa kamar rabin awa a yawancin kwanaki.

Game da Mama, akwai abin da nake so a duba. Karayar ƙugu daga zamewa kawai alama ce ta ƙashi mai rauni, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ake mantawa da su shi ne kishiyar taki matsalar: ɗaya daga cikin 'yan ƙullutan nan ya girma ya riƙa zuba PTH ba ƙaƙƙautawa. Sai kalsiyam ya cika jini, ƙashi ya rarake, ga tsakuwar ƙoda, ga ƙishirwa da mantuwa da ciwon gaɓoɓi da ake ɗora wa tsufa. Ya fi kama matan da suka daina al'ada, kuma ƙaramin aiki na cire ƙullutun yana warkar da mafi yawansu. Gwajin kalsiyam guda ɗaya zai fara nuna hanya. Kafin nan, don Allah kada tausayi ya sa ki raba mata naki ƙwayoyin.

Maigidanki kuwa, ki kalli abin ta inda yake tsaye. Ya tara kuɗi ya biya aiki da zaton an gama, sai ga matarsa da sabon ciwo da takardar magani da ba ta ƙarewa. Fushinsa na wanda ba a yi wa bayani ba ne, kuma idan har an sallame ku ba a zaunar da ku an ce wannan kafson kada a kuskura a bari ba, to asibitin ma yana da nasa kason laifin. Amma abin da ya same ki ba ya nuna an ɓata aiki. Kada ki tare shi da gardama a gaban mahaifiyarsa ko yara. Ki samu lokacin da ya huta ki ce masa, Malam, ba wani aikin za a sake ba, gwajin jini ne, kuma kuɗin kafson wata guda bai kai na kwanciyar gaggawa ba. Ki roƙe shi ya raka ki ya ji da kunnensa. Idan ya rantse ba zai koma wancan asibitin ba, ba dole sai can ba. Ki ɗauki takardar sallama da kwalayen magani ku je wani babban asibiti, ku nemi likitan ciwon suga da maƙoƙo. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri duk suna da wannan sashe. Ku faɗa wa likita ƙarfin aljihunku ba kunya, zai iya zaɓar wanda ya fi araha tsakanin Calcitriol da Alfacalcidol, sai dai awonsu ba ɗaya ba ne, ba a musanya su a kan kantar kemis. Ku kuma bincika tsarin inshorar lafiya na jiharku ko na wurin aikinsa. Idan duk da haka ya ƙi, ki sa wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa ko wani naki babba, ya yi masa magana. Neman lafiya a irin wannan hali ba saɓa wa miji ba ne.

Surukarki kuwa, Hajiya, ba ta nufe ki da sharri ba. Duk wanda ya ga hannu ya lanƙwashe a wuyansa, babban yatsa ya shige tafi, sauran yatsun sun miƙe sun haɗe sun sandare, kuma mai shi ido biyu tana kallo ta kasa buɗewa, in bai san dalili ba dole ya kawo wani abu a ransa. Ki karɓi addu'arta hannu bibbiyu, babu inda addu'a ta hana shan magani. Hayaƙin ne zan ce ki lallaɓa ki kauce masa, ki ce yana shaƙe miki wurin ɗinki, domin maƙogwaron da ke iya ƙagewa ba a tura masa hayaƙi. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su ma ki dakata. In za ta yarda, ku tafi da ita. Akwai gwajin da likita ke yi da abin awon hawan jini: ya ɗaura a damtse ya hura ya bar shi har zuwa minti uku, in kalsiyam ya yi ƙasa sai hannun ya ƙage daidai yadda yake yi a gida, ya sassauta kuma ya saki. Ganin haka da idonta zai fi duk bayanin da za ki yi mata. Ki kuma sani cewa firgita da saurin numfashi suna ƙara tayar da ƙagewar, don haka in ta fara a gida, ki zauna ki ja numfashi a hankali, a rage taron mutane a kanki, a nemo abin hawa.

Rikicewar al'ada a shekara 43 tana iya zama daga tayirod da ba ta daidaita ba, ko farkon ɗaukewarta, ko ciki. Ki yi gwajin ciki, domin mai juna biyu buƙatarta ta Levothyroxine takan ƙaru tun makonnin farko, awon kalsiyam ma sai an riƙa bibiya. Azumi kuma, na nafila ki dakata har jininki ya daidaita. Na Ramadan ku tsara shi da likita tun wata guda kafin ya kama. Wasu sukan sha ta safen kafin sahur da rabin awa zuwa awa ɗaya, su mayar da kalsiyam buɗa-baki da bayan tarawihi.

Wata huɗu bai isa a yanke hukunci a kan 'yan ƙullutanki ba. Sai an wuce wata shida, wasu likitocin ma sukan jira shekara, kafin a ce na dindindin ne. Idan suna farfaɗowa, likita zai riƙa rage kafson da kalsiyam kaɗan-kaɗan yana aunawa bayan kowane ragi, har a daina. In kuma ba su farfaɗo ba, mutane suna rayuwa lafiya da wannan magani, da gwajin jini duk wata uku zuwa shida, da duba fitsari da ƙoda lokaci-lokaci. Ki sa a rubuta miki 'yar takarda mai ɗauke da aikin da aka yi, ranar da aka yi shi, da sunayen magungunanki da awonsu, ki riƙa yawo da ita a jaka. Ki riƙa sayen na gaba tun saura na mako guda, kuma duk ranar da amai ko gudawa suka hana maganin zama a cikinki, kada ki kwana biyu kina jira, ki je a auna.